Tsiraici a wasannin bidiyo na Japan: tambayoyi da amsoshi kan inda Japanawa da Turawa suka raba gari

Duk lokacin da wani ƙaramin wasan bidiyo na Japan zai fita kasuwar Turai ko Amurka, sai ƙura ta tashi. Wasu su ce an yanke musu wasa, wasu su ce tun farko bai kamata a yi shi ba. Na daɗe ina bibiyar wannan cece-kuce, kuma ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Wai waɗanne wasanni ake magana a kansu?

Ba Mario ba ne, ba kuma wasan ƙwallon da samari ke bugawa a gidajen gem ba. Ana nufin wasannin da masu sonsu ba su da yawa amma suna riƙe da su gam, irin su Senran Kagura na kamfanin Marvelous, da Gal*Gun na Inti Creates, da Omega Labyrinth na D3 Publisher, da Dead or Alive Xtreme na Koei Tecmo. Galibinsu zane ne irin na katun ɗin Japan, 'yan mata masu manyan idanu, kuma ana sayar da su ne da nuna jiki: kayan ninƙaya, tufafin da ke yagewa a tsakiyar faɗa, wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi.

Akwai bambancin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Waɗannan da na lissafa na na'urorin wasa ne kamar PlayStation da Switch, kuma ba a nuna saduwa a cikinsu. Na batsa tsantsa, waɗanda Japanawa ke kira eroge, a kwamfuta suke fitowa, da kasuwarsu daban da hukumarsu daban. Tun farkon shekarun 1980 ake yin su a kwamfutocin gida na kamfanin NEC. Wasu manyan sunaye ma daga nan suka taso. Fate/stay night ya fito a 2004 a matsayin wasan manya na kwamfuta, daga baya aka cire wuraren batsar aka kai shi PlayStation 2 a 2007, yau kuma yana cikin sunayen da suka fi kawo kuɗi a wannan sana'a.

Ke nan Japanawa ba su da kunya a kan tsiraici?

Wannan shi ne kuskuren da na fi son gyarawa. Sashe na 175 na kundin hukunta laifuka na Japan, wanda ya samo asali tun 1907, ya haramta rarraba kayan batsa. Saboda shi ne har yau ake dusashe al'aura a fim ɗin manya da zanen manya da wasan manya. A Amurka ko Jamus ba a buƙatar wannan dusashewa.

A na'urorin wasa abin ya fi tsanani. Hukumar CERO, wadda aka kafa a 2002 don tantance wasanni, ba ta yarda a nuna al'aura ko saduwa ƙarara ba ko da a matakinta na ƙarshe, wato Z na 'yan shekara 18. Shi ya sa idan wasan Turawa ya shiga Japan shi ma almakashi yake sha. The Witcher 3 da Cyberpunk 2077, waɗanda aka yi a Poland, an rufe tsiraicin da ke cikinsu a bugun Japan. Haka aka yi wa Baldur's Gate 3 a 2023. Baturen da ya sayi wasan a Landan yana ganin abin da ɗan Tokiyo ba ya gani a PlayStation ɗinsa.

Ga kuma batun jini. Resident Evil ɗan gida ne, Capcom ce ke yin sa a Osaka, amma bugun da ake sayarwa a Japan ana rage masa fille kai da yanke gaɓoɓi. A 2022 an fasa fitar da The Callisto Protocol a Japan baki ɗaya saboda CERO ba ta amince da shi yadda yake ba, masu shi kuma suka ƙi gyarawa. Kowane ɓangare yana da abin da yake kawar da kai daga gare shi. Wurin da aka ja layin ne ya bambanta.

To a ina layin kowa yake?

Yadda na fahimta, tsarin Japan yana tambayar abu uku: wane sashen jiki ne ya fito, a ina ake sayarwa, kuma mutum ne na gaske ko zane ne. Idan al'aura a rufe take, kayan yana inda yaro ba zai kai ba, kuma babu ɗan Adam na zahiri da aka ɗauka a hoto, to doka ta fi karkata ga ƙyalewa. A shagunan unguwar Akihabara ta Tokiyo za ka ga wannan tunani da idonka. Ƙasa ana sayar da wasannin kowa da kowa. Ka hau matattakala, ko ka nufi lungun shago, sai ka tarar da ɗan labule a rataye da lamba 18 an yi mata da'ira an soke. Bayan labulen duniya ce daban. Wanda bai ɗaga ba bai gani ba, kuma al'umma ta ɗauka an sauke nauyi.

Hukumomin Turai da na Ostireliya da Amurka tambayarsu daban ce. Wace ce ake nunawa? Shekarunta nawa, ko kuwa kamar 'yar shekara nawa take a ido? Da yardarta ake abin da ake yi? Me ake koya wa mai wasa game da mata? Mace baliga tsirara a cikin labari ba ta cika tayar musu da hankali ba. Amma yarinya mai kayan makaranta da ake ba mai wasa lada idan ya taɓa ta, ko da ba a nuna komai na jikinta ba, nan suke tsayawa cak.

Saboda haka wasa ɗaya yana iya samun D a Japan, wato na 'yan 17, a hana shi shiga Birtaniya. Wani kuma ya wuce lami lafiya a Birtaniya a rufe masa jiki a Japan.

Batun shekaru fa? Me ya sa jaruman suke kama da yara?

Nan ne gizo yake saƙa, kuma nan ne ba zan ɓoye ra'ayina ba.

Salon zanen kansa yana mayar da fuska ƙarama: ido babba, hanci ɗigo, haɓa siririya. Mace 'yar shekara 25 da yarinya 'yar 15 suna iya fitowa kusan iri ɗaya. Masu kare waɗannan wasanni sukan riƙe wannan hujja, kuma a wasu lokuta suna da gaskiya. Amma ba ko'ina ba. Yawancin labaran a makarantar sakandare ake gina su, kuma sau da yawa wasan da kansa yake rubuta shekarun yarinyar.

Japan ta yi dokar hana batsar yara a 1999, ta ƙara mata ƙarfi a 2014 ta haramta ko mallakar irin waɗannan hotuna. Amma majalisa ta bar zane da katun da wasanni a waje, bisa hujjar cewa babu yaron gaske da aka cutar. A 2010 gwamnatin birnin Tokiyo ta kawo ƙudurin da ya yi maganar “matasan da babu su a zahiri”, masu zane da kamfanonin ɗab'i suka yi caa a kansa, aka kayar da shi a watan Yuni, sannan aka zartar da wanda aka sake wa fasali a Disamba. Shi ma taƙaita sayarwa ga yara ya yi, bai haramta yin kayan ba. A 2015 wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin yara, Maud de Boer-Buquicchio, ta ziyarci ƙasar ta nemi a hana zanen da ya wuce gona da iri. Ba a yi ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanyar. Birtaniya ta yi doka a 2009 da ta mayar da mallakar zanen batsa na yara laifi. A Amurka kotun ƙoli ta soke wani ɓangare na irin wannan doka a 2002, majalisa ta sake wata a 2003, kuma a 2010 aka ɗaure wani mutum a jihar Iowa wata shida saboda littattafan zanen da ya yi oda daga Japan. A 2011 ba a sayar da Dead or Alive: Dimensions a Suwidin da Nowe da Denmak ba, don gudun dokar Suwidin, saboda wasu jarumansa ba su kai 18 ba. A 2018 hukumar tantance wasanni ta Birtaniya ta ƙi ba Omega Labyrinth Z lamba, abin da ba kasafai take yi ba, ta kafa hujja da yadda ake sha'awantar da jarumai masu kamannin yara. Jamus da Ostireliya ma sun ƙi shi.

Kamfanoni sun koyi wata dabara. A bugun Turawa na Bravely Default an mayar da jaruma 'yar 15 ta zama 'yar 18, aka ƙara wa tufafinta ƙyalle. A Xenoblade Chronicles X na 2015 an sauya kayan da ake iya sa wa Lin, yarinya 'yar 13. Sauya tufafin na gane amfaninsa. Sauya lamba kawai a bar zane yadda yake, wannan rufa ido ne.

Ni dai ban yarda cewa kalmar “al'ada” tana wanke wannan ba. Na yarda zane ba mutum ba ne, kuma na san banbancin yana da nauyi a gaban alƙali. Amma wasa ba kallo ba ne kawai. Hannunka ne a kan maɓalli, kai ake ba maki. Wasan da ya ɗora yarinya 'yar firamare ko 'yar ƙaramar sakandare a matsayin abin sha'awa, ya kuma saka wa mai wasa a kan hakan, abu ne mummuna a Tokiyo kamar yadda yake mummuna a ko'ina. Kuma akwai Japanawa da yawa da suke faɗin haka da bakinsu.

Ashe su ma a can ba bakinsu ɗaya ba?

Ko kusa. Mafi yawan mutanen Japan ba su taɓa buga waɗannan wasanni ba, kuma wanda ke buga su ba ya yawan faɗa a wurin aiki. Hukumar da ke tantance wasannin manya na kwamfuta, wadda ake kira Sofurin, daga abin kunya ta samo asali. A 1991 aka kama wani ɗalibi a Kiyoto ya saci wasan batsa a shago, 'yan sanda suka bi sawu har suka kama shugabannin kamfanonin da abin ya shafa, sai masu sana'ar suka kafa hukumar kansu a 1992 kafin gwamnati ta kafa musu.

A 2009 aka gano wasan RapeLay na kamfanin Illusion, wanda fyaɗe ne gundarinsa, ana sayar da shi a Amazon. Ƙungiyar kare mata ta Equality Now ta ɗauki maganar, 'yan majalisa a Birtaniya da Japan suka sa baki, Sofurin ta hana mambobinta yin irinsa. A 2019 wani hoton tallar ba da jini na ƙungiyar Red Cross ta Japan, mai ɗauke da zanen budurwa mai cikar ƙirji, ya raba kan jama'a, kuma lauyoyi da marubuta mata na ƙasar na cikin waɗanda suka fi sukar sa. A watan Afrilun 2022 jaridar Nikkei ta buga tallar shafi guda da zanen ɗalibar sakandare, har hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai ƙorafi.

Ɗaya ɓangaren ma yana da ƙarfi, kuma ba duka 'yan iska ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Sashe na 21 na tsarin mulkin Japan ya hana gwamnati tace rubutu, kuma ƙasar ba ta manta yadda aka toshe bakin marubuta a zamanin yaƙi ba. A 2022 mai zane Ken Akamatsu ya ci kujerar majalisar dattawa da ƙuri'a sama da 500,000, kuma kare 'yancin zane shi ne babban abin da ya yi kamfe da shi. Mata da yawa ma suna wannan layi, domin su ma suna da kasuwarsu. Tun 1994 Koei ta fitar da Angelique, wanda ma'aikatanta mata suka tsara wa mata, kuma daga nan aka samu zuriyar wasannin soyayya da ake kira otome, inda maza ne ake ƙawatawa.

Addini ne ya kawo bambancin?

Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Manyan addinan Japan, Shinto da addinin Buddha, ba su ɗora wa sha'awa irin nauyin zunubin da Kiristanci da Musulunci suka ɗora wa zina ba, kuma a zamanin Edo, wato kafin 1868, manyan masu zane sun yi hotunan batsa da ake kira shunga. Sai dai bayan 1868 gwamnatin Meiji, mai neman Turawa su ɗauke ta da daraja, ta tsananta a kan tsiraici. Abin da zai ba ka mamaki, gidan tarihi na Birtaniya ya yi babban baje kolin shunga a 2013, Tokiyo ba ta yi nata ba sai 2015. A ɓangaren Turawa kuwa, masu sukar waɗannan wasanni a yau yawancinsu ba daga coci suke magana ba. Daga fafutukar kare mata da yara suke.

Sony mai PlayStation kamfanin Japan ne. Me ya sa shi ne ya fi matsawa?

Domin tun 2016 hedikwatar sashen PlayStation tana San Mateo a jihar Kalifoniya. A 2018 aka fara ganin sauyi. Kamfanin PQube ya sanar da fasa fitar da Omega Labyrinth Z a ƙasashen Turawa don bin buƙatar mai na'ura. XSEED ya cire wani sashe na taɓa jikin jarumai daga Senran Kagura Burst Re:Newal a PlayStation 4, ya bar shi a bugun kwamfuta. Wasanni suka riƙa fitowa da farin haske ko hayaƙi an shimfiɗa a kan jiki, har a cikin Japan. A watan Afrilun 2019 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Sony ta kafa ƙa'idojinta na cikin gida, kuma dalilan da aka ambata sun haɗa da guguwar #MeToo ta fallasa cin zarafin mata da yadda ake yaɗa wasanni kai tsaye a YouTube da Twitch. Labulen Akihabara ba ya aiki a intanet. Abin da aka yi don mutum dubu kaɗan yanzu duniya ce ke kallo. A shekarar ne kuma Kenichiro Takaki, wanda ya ƙirƙiro Senran Kagura, ya bar Marvelous.

Nintendo, mai na'urar Switch, da aka sani da wasannin iyali, ta ɗauki wani matsayin. Shugabanta Shuntaro Furukawa ya shaida wa masu hannun jari a 2019 cewa hukumomin tantancewa ne ya kamata su yanke hukunci a kan wasannin wasu kamfanoni, ba mai na'ura ba. Shi ya sa ƙananan kamfanoni da yawa suka karkata zuwa Switch a shekarun da suka biyo baya.

Masu cewa an yi musu fashi idan aka gyara wasa, suna da hujja?

Wani lokaci suna da ita. Wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin a faɗa masa abin da ya saya. Lokacin da Nintendo za ta sake fitar da Tokyo Mirage Sessions a Switch, ta gina shi a kan bugun Turawa da aka gyara, har ga masu saye a Japan, ba ta kuma bayyana hakan sarai ba tun farko. Sai da ta nemi afuwa a 2019 ta buɗe ƙofar mayar da kuɗi. Haka kuma akwai gyaran da ba shi da kan gado, inda ake rufe baligar mace a wasan da an riga an ce na manya ne, a bar yankan kai yana gudana. Koei Tecmo ma gaba ɗaya ta ƙi kai Dead or Alive Xtreme 3 Turai da Amurka a 2016, masu so suka riƙa odar bugun Asiya mai Turanci.

Inda nake rabuwa da su shi ne idan suka haɗa komai a kwando ɗaya, suka mayar da rufe jikin 'yar shekara 13 daidai da toshe bakin ɗan jarida.

Yanzu wa ke da wuƙa da nama?

Masu katin biyan kuɗi. A 2018 kamfanin Valve ya ce zai bar kusan komai a Steam, kasuwarsa ta wasannin kwamfuta a intanet, in dai bai saɓa doka ba, wasannin manya na Japan suka kwararo. A 2020 aka toshe su ga masu saye a Jamus. A watan Afrilun 2024 kasuwar DLsite ta Japan ta dakatar da karɓar Visa da Mastercard. A watan Yulin 2025 Steam ta ƙara ƙa'idar hana abin da zai saɓa sharuɗɗan kamfanonin biyan kuɗi, ta sauke wasanni da dama, kasuwar wasanni ta itch.io kuma ta ɓoye na manya daga bincike. Wata ƙungiya ta Ostireliya, Collective Shout, ta ce ita ta matsa wa kamfanonin katin.

Wasu daga cikin abubuwan da aka sauke ban yi baƙin cikin tafiyarsu ba. Amma hanyar tana damuna. Majalisa ana zaɓenta, hukumar tantancewa tana wallafa dalilinta, kotu ana ɗaukaka ƙara. Kamfanin kati babu ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tsintsiyarsa ba ta bambance wasan da ke tallar fyaɗe da wanda wata ta yi don ba da labarin abin da aka yi mata.

Ƙasashen Musulmi fa?

Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da hukumomin tantance wasanni nasu, kuma layinsu ya fi na Japan da na Turawa matsewa. A 2023 Final Fantasy XVI, babban wasa ba ƙarami ba, bai fita a Saudiyya ba, hukumar ƙasar ta ce kamfanin ya ƙi yin gyaran da aka nema.

Ni uba ne, ko uwa. Yaya zan gane abin da yarona yake bugawa?

Kada zanen ya ruɗe ku. Kwanaki wani ɗan yayata ya zo mini da kwalin faifai da ya aro wurin abokinsa, bangon duk 'yan mata masu launin gashi kala-kala suna murmushi. Mahaifiyarsa ta ɗauka katun ne na yara. Na juya kwalin na nuna mata harafin M a kusurwa, da jerin kalmomin da ke gefensa. Shiru ta yi, sannan ta ce ita duk zane a wurinta na yara ne. Iyaye da yawa haka suke ɗauka, kuma ba laifinsu ba ne.

Faifan da ke shigowa kasuwanninmu yawanci bugun Amurka ne ko na Turai. Na Amurka yana ɗauke da haruffan hukumar tantancewa ta ESRB: E na kowa, T na matasa daga 13, M daga 17, AO na manya zalla, wanda Sony da Nintendo da Microsoft ba sa bari a na'urorinsu. Na Turai yana da lambobin shekaru na tsarin tantancewa na PEGI: 3, 7, 12, 16, 18, kuma a bayan kwali akwai ƙananan alamomi, dunƙulen hannu na nufin faɗa, alamar namiji da mace a haɗe na nufin batun jima'i. In bugun Japan ne za ku ga haruffan CERO da launi a ƙashin bayan kwali: A baƙi, B kore daga 12, C shuɗi daga 15, D ruwan lemo daga 17, Z ja na 18. Amma ku sani: irin wasannin da muke magana yawanci D suke samu, ba Z ba, don haka rashin ganin ja ba ya nufin babu komai.

Mafi yawan yara ma yanzu ba faifai suke saye ba, saukewa suke yi. PlayStation da Switch duka suna da wurin sa iyakar shekaru da lambar sirri, Google Play ma haka. A Steam wasannin manya a ɓoye suke har sai mai asusu ya shiga saituna ya kunna su da hannunsa, saboda haka ku buɗe asusun yaron ku duba ko an kunna.